Sabon Take Domin Ƙananan Mabusa

Muna roƙon Edita ya ba mu fili kaɗan, mu gabatar wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu wata magana wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ta busa ce, watau busar da yara ke yi tare a makaranta, da abin da ya kamata a ba su su busa. Mun sani waɗansu da jin haka za su yi murmushi, su ce ga lissafi ga Ingilishi sun gagari yara, wa ke ta sarewa? To, a yi mana haƙuri a karanta tukuna, in ya so a yanke mana hukunci daga baya.

Duk wanda aka taɓa turawa gwajin koyarwa a makarantun kudancin Kano, ko Bebeji, ko Kiru, ko kuwa ya sauka Kwanar Dangora ya miƙi hanyar Tudun Wada har Doguwa, ya san yadda a ke yi in ranar yara ta 27 ga Mayu ta matso, ko ranar 1 ga Oktoba. A fito da ganguna daga sito a kakkaɓe musu ƙura, in makarantar mai hali ce a sami bigila ɗaya da 'yan sarewoyin roba, a tara yara mako biyu suna maci a rana. Abin da za su busa kuwa bai wuce take biyu ko uku ba, waɗanda aka ara wajen soja da 'yan sanda. Malamin bai san wanda ya tsara su ba, yaron bai san abin da su ke faɗi ba. Ana gama fareti sai a mai da kaya sito, sai baɗi in da rai.

Asalin irin wannan busa ba ɓoyayye ba ne. A farkon 1903 rundunar Turawa ta taso daga Zariya ta bi ta ƙasar nan, ta fasa Bebeji, ta shiga Kano ran 3 ga Fabrairu. Bigila da badujala tare da soja suka zo, makarantun boko kuma suka gaje su tare da kaki da maci. Ba mu ce a yar da su ba, gama maci yana koya wa yaro tsayuwa da bin umurni. Amma shekara fiye da 120 ke nan muna ta maimaita aron nan, alhali kuwa kayan aro ba ya ado, in ma ya yi ba ya daɗewa.

Abin mamaki shi ne ƙasar da a ke wannan aro ba matalauciyar busa ba ce. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a ke busa wa sarki kakaki. Ga farai, ga ƙaho. Ga algaita, wadda sunanta ya nuna ta hanyar Larabawan arewacin Afirka ta zo mana, mai busa ta yana jan numfashi ta hanci yana tura iskar da ya tara a kumatu, har ya daɗe muryarta ba ta yanke ba. Waɗannan na fada ne da na manya. A daji kuwa ga sarewar Filani makiyaya mai ƙofofi huɗu, wadda wanda ya taɓa ratsa dajin Falgore da yamma ko ya zauna bakin ruwan Tiga ba zai rasa jinta ba. Sa'an nan ga wadda ta fi su kusa da maganarmu, watau busar kara, wadda yaran ƙauye ke yi da kaka. Yaro ya sami karan dawa, ya ƙwaƙule cikinsa, ya tsaga ɗan harshe a jikin ɓawon, ya kwantar da shi a baki yana busawa yana toshe ƙarshensa da hannu yana saki. Wasu Turawa biyu, Ames da King, da suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun rubuta ta a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971 da sunan tilɓoro, da 'yar'uwarta damalgo mai 'yan duma a bakinta. Ashe yaran Hausawa sun daɗe da ƙera abin busarsu da hannunsu, ba sisi ba kwabo.

Yau fa? Yaron da ke kiwo waya ce a aljihunsa tana yi masa waƙa, hannunsa ya huta da fiƙe kara. A finafinan Hausa, waɗanda suka kunno kai tun 1990, in ka ji muryar sarewa galibi ba mutum ke busawa ba, fiyano ce irin ta Yamaha a ke latsawa ta kwaikwaye ta. Ba mu ga laifin mai fiyano ba, sana'arsa ya ke yi. Amma abin da ba a busawa da baki, ba a kuwa koya wa na baya, tsofaffin da suka iya shi suna tafiya da shi ɗaya bayan ɗaya.

To, ina maganin? Mutane da yawa in an yi wannan zance sai su ce a sayo wa makarantu kaya. A ganinmu kaya ba su ne suka fi ƙaranci ba. Abin da babu shi ne sabon take wanda aka yanka daidai yaro, kamar yadda tela ke yanka masa 'yar shara, ba a ɗauko babbar rigar ubansa a zumbula masa ba. Taken fada na fada ne, yana da masu shi, yana da lokacinsa, ba daidai ba ne a ɗauko taken sarki a busa wa hedimasta. Busar makiyayi kuwa ta mutum ɗaya ce, yana ja yana lanƙwasa yadda ransa ya so, yara talatin ba su iya binsa. Saboda haka dole a zauna a tsara wani abu sabo, mai jinin ƙasar nan, wanda aji guda zai iya busawa tare.

Waɗansu ƙasashe sun riga sun gane wannan, manyan gwanayensu kuma ba su ɗauki tsara wa yara kiɗa abin raini ba. A Jamus akwai Carl Orff da abokiyar aikinsa Gunild Keetman, waɗanda suka fitar da littattafai biyar na kiɗan yara tsakanin 1950 da 1954. A littafin farko matakan murya biyar kaɗai suka ba yara, maimakon bakwai ɗin da Turawa suka saba, domin sun ga ta nan yaro ya fi saurin kamawa. A nan sai mu yi dariya, gama mafi yawan waƙoƙinmu bisa matakai biyar su ke tafiya tun asali, abin da Bajamushe ya yi nazari ya gano, yarinyar da ke gaɗa a dandalin Kiru da shi ta tashi. A Ingila kuma Benjamin Britten ya tsara wani wasan kiɗa a 1958 bisa labarin jirgin Annabi Nuhu, ya sa gwanaye manya 'yan kaɗan, sauran duk yara, waɗansu da sarewa, waɗansu da bigila. Har kofunan shayi aka rataya a igiya yara na bugawa da cokalin itace domin a ji kamar ɗigon ruwan sama. Hikimarsa ita ce ya yi wa ko wane yaro rabo gwargwadon iyawarsa, wanda jiya ya fara ma yana da wurin da zai shigo, in kuwa bai shigo ba a ji giɓi.

Amma misalin da ya fi kama mu yana nan kusa, a Gwalkwas, wadda yau a ke kira Gana. Ephraim Amu, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1995, malamin kwalejin horon malamai ne a Akropong, watau irin gidan da mu ke ciki. Ya ga ɗalibansa sun iya waƙoƙin Turai sun jahilci na iyayensu, sai ya shiga ƙauyuka ya zama almajirin makaɗa da mabusa. Hukumar cocin da ke riƙe da kwalejin ba ta ji daɗin ganguna da tufafin gargajiyar da ya dage a kansu ba, har aka rabu, ya koma Achimota a 1934. Akwai wata sarewar gora ta mutanensu, atenteben, ya gyara ta ya ƙara mata ƙofofi, ya daidaita tsawonta yadda da yawa za su tafi tare, sa'an nan ya zauna ya tsara mata sababbin busa. Kwabena Nketia ya bi bayansa ya tsara waɗansu. Ta haka sarewar ƙauye ta shiga aji, daga firamare har jami'a, daga baya kuma ƙasarsa ta sa hotonsa a takardar kuɗi. In da za mu yi masa gyara ɗaya, sai mu ce ya ja sarewar ta bi matakan Turawa ƙwarai. Mu namu ya kamata mu bar mata biyar ɗinta tukuna.

Kada kuma a ce sarewarmu ba ta kai ta tasu ba. Yusuf Latif, Ba'amurke Musulmi, wanda duniya ta san shi a busa, ya bar ƙasarsa ya zauna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, cikin abin da ya zo nazari kuwa har da sarewar Filani. Shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi a kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. A Nijar ga Yakuba Mumuni na ƙungiyar Mamar Kassey, wanda sarewar makiyaya ta kai shi Turai da Amurka. Ko hanyar nan da ta rabu a Kwanar Dangora, in ka bi ta ka wuce Falgore ka nufi Jos, za ta kai ka ga Jarawa masu rawar Asharwa, inda samari jingim ke busa sarewa tare suna taka rawa, ba mai shiga wa wani. Zariya tana kudu da mu, Jos tana kudu maso gabas, mu muna tsakiya muna busa taken barikin soja.

Yanzu bari mu zo ga aikin kansa, gama faɗa da baki ba wuya. Matsala ta fari ita ce sarewa biyu ba su cika shiryawa ba. Ko wane makiyayi daidai yatsunsa ya ke huda tasa, in ka haɗa ta wannan da ta wancan sai ka ji kamar zakaru biyu a gida ɗaya. Maganin wannan a kasuwa ya ke. Yadda a ke da mudu guda wanda kowa ke awo da shi, haka za a nemi gwani ya yanka sarewa ɗaya mai daɗin murya a mai da ita uwa, a auna tsawonta da faɗin cikinta da tazarar ƙofofinta da rula, a rubuta, duk sauran a yanka su bisa gare ta. Kara da gora sun fi daɗin murya, amma ba su zuwa kai ɗaya, suna kuma fashewa da hunturu. Siririn bututun roba irin wanda masu aikin lantarki ke zura waya ciki, shi faɗinsa ɗaya ne ko ina, guda ɗaya kuma ya ishi yara da dama. A yi girma uku, babba da matsakaiciya da ƙarama. A nan ma darasin kimiyya ya samu a ɓagas, gama yaro zai ji da kunnensa cewa in bututu ya yi tsawo murya ta yi kauri, in an ninka tsawonsa kuwa muryar nan ce dai ta dawo, amma daga ƙasa. Algaita kam a bar ta sai manyan aji, ita tana son ƙirji, ba kuma a koyonta sai gaban mai ita.

Matsala ta biyu, wadda ita ce uwar tafiya, ina malamin da bai taɓa zuwa makarantar kiɗa ba zai samo sabon take? Amsa tana bakinsa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Wuya da a ke rataya laya da wuyar da ba ta kisa, baƙaƙensu ɗaya, murya ce ta raba su. Da wannan ne kalangu da algaita ke magana har mai saurare ya gane wanda a ke kira. To, malam ya sa yara su kawo magana tasu, gajeruwa, ko sunayen garuruwan da mota ke bi, ko kiran masu tallar rake da gyaɗa a bakin Kwana, ko yadda yaran mota ke kiran fasinjan Kano da na Jos. A faɗe ta a hankali sau da yawa, a lura inda murya ta hau da inda ta sauka, a zana a allo, sa'an nan a nemi wannan hawa da sauka a jikin sarewa. Da an samu, an sami kan take. Yaron da ya riƙe maganar ba ya mance busar, domin harshensa ne ke yi masa jagora.

Sauran aiki shi ne rabawa, nan ma gadonmu ya hutar da mu, gama waƙarmu ta bayarwa ce da amshi. Yara uku ko huɗu waɗanda hannunsu ya faɗa su riƙa bayarwa da ƙananan sarewoyi. Matsakaita su amsa da murya biyu ko uku. Masu manyan sarewoyi su riƙe murya ɗaya mai kauri daga ƙasa, kamar turken da aka ɗaure sauran. Wanda har yanzu iska kawai ke fita daga tasa, a ba shi caki ko ƙwarya ya riƙe musu taki, kafin bakinsa ya nuna. A tuna fa numfashin yaro gajere ne, saboda haka a bar masa wurin shaƙa, take kuma kada ya wuce minti biyu. Wajen rubutawa ba sai an jira an koyi alamomin Turawa ba, a ba ko wace murya lamba daga 1 zuwa 5, a ja layi bayan wadda za a ja, a ɗauka a waya kuma domin ajiya. Abu ɗaya da mu ke so a kiyaye ƙwarai: a rubuta sunan wanda ya tsara da garinsu da shekara a kan ko wane take. Rashin yin haka shi ya sa gwanaye nawa suka shuɗe a ƙasar nan, busarsu na yawo, sunansu ya ɓace.

Akwai masu ja da wannan magana, ba kuwa mutanen banza ba ne. Na fari su ne iyayen da za su ce, mu ba mu gaji roƙo ba, ba mu kai ɗanmu makaranta domin ya zama maroƙi ba. Wannan magana tana da nauyi a ƙasar Hausa, inda sana'a ke bin gida, malamin da ya raina ta kuwa zai wayi gari ajinsa ya ragu. Abin da za a nuna musu shi ne busa daban, roƙo daban. Bafilatanin da ke busa wa shanunsa ba ya miƙa wa kowa hannu, yaron da ya busa kara a gonar ubansa da kaka bai canja asali ba. Yaro yana koyon awo da ƙirga a aji ba a ce ya zama ma'auni ba. Duk da haka ba mu yarda a wanke busar makaranta ta hanyar muzanta masu gadonta ba. Su ne malaman abin. In an kira mai algaita ko mai sarewa ya zo ya koyar, a shimfiɗa masa tabarma gaban aji, a kira shi malam, a biya shi ladan aikinsa a fili, kada a jefa masa kamar wanda ya zo bara.

Na biyu su ne masu duban addini. Mu da muka fara da allo kafin mu riƙe fensir mun sani malamai sun yi maganganu masu yawa a kan kayan kiɗa da busa, waɗansu sun tsananta, waɗansu sun sassauta bisa sharaɗi, mu kuwa ba mu kai mu ba da fatawa ba. Iyakar abin da za mu ce a matsayinmu na masu koyon malanta shi ne kada a tilasta wa ɗan kowa, a nemi yardar uba tun da fari, a shawarci limamin gari, kada busa ta shiga lokacin salla ko na karatu, maganar da za a gina take a kanta kuma ta zama wadda za a iya faɗa gaban dattawa. Makarantar da mutanenta suka ce ba su so, a bar su da abinsu. Amma wadda ta riga ta yarda da bigila da gangar maci, ba mu ga dalilin da zai sa ta ƙyamaci sarewar da kakannin yaran suka sani ba.

Na uku su ne 'yan'uwanmu na cikin kwalejin nan, masu cewa ina amfaninsa ga jarrabawa. Gaskiya ne ba ya ƙara maki a lissafi. Amma duk wanda ya tsaya gaban yara sittin ko fiye ya san abin da ya fi wuya a koya musu shi ne saurare, da jiran lokacinka, da yin shiru sa'ad da wani ke magana. A busar taro yaron da bai saurari na kusa da shi ba nan take kowa zai ji, shi ma zai ji, ba sai an ɗauko bulala ba. Akwai kuma yaron da a ke ce wa daƙiƙi, mai zama can baya kusa da taga, wanda sau da yawa shi ne zai riga kowa fitar da murya, gama shi ke bin shanu ran Asabar. Ranar da aji duka ya juyo yana kallon yatsunsa domin ya koya, ranar ya fara son makaranta.

Roƙonmu ga hukumar kwaleji ba mai tsada ba ne. A nemo mai sarewa ɗaya daga rugagen da ke kewaye ya yanka mana uwar sarewa, a ajiye ta da awonta a ɗakin sana'a, kowa ya yanka tasa ya koyi murya biyar ɗin nan kafin a tura shi gwaji. Ko wane ɗalibi in zai komo ya zo da abu biyu: busa ɗaya ta dā wadda ya ɗauko daga bakin wani dattijo, da izninsa da sunansa, da sabon take ɗaya wanda shi da yaransa suka tsara. Edita kuma ya ware musu shafi a ko wace fitowa, da lambobinsu da maganar da aka gina su a kai, domin wanda ke Bebeji ya gwada na wanda ke Doguwa, ya rubuto ya faɗi inda yaransa suka sarƙe. Waɗanda za a tura wajen Tudun Wada da Kiru bayan girbi muna roƙonsu su zaɓo mana kara miƙaƙƙe mai dogayen gaɓoɓi, su shanya shi a inuwa, tun masu dangar gida da masu dabbobi ba su kwashe shi ba.